Adashinki Ba Ya Hana Ki Haƙƙinki: Ajiya, Aiki da Tallafin Ranar Ciwo

Yau zancenmu a kan wata tambaya ce da take damun mata da yawa, musamman waɗanda mazajensu ke fita nema a Kasuwar Sabon Gari, wato Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi da ke ƙaramar hukumar Fagge. Tambayar ita ce: idan maigida ya kwanta ciwo ko ya samu nakasa, shin 'yan kuɗin da na tara a adashi, ko sana'ar da nake yi a ɗaki, za su sa a hana mu tallafi? Har akwai masu ƙin buɗe asusun banki don wannan tsoro. To 'yar uwa, gyara zama ki ji.

Taimakon ranar ciwo iri biyu ne. Akwai wanda yake bin aikin mutum, akwai kuma wanda yake bin halin da gida yake ciki. In kin raba waɗannan biyun, kin fahimci rabin zancen.

Mu fara da mai bin aiki. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce ma'aikacin da ya yi rashin lafiya, likita ya ba da shaida, za a biya shi ladansa har na kwana 12 na aiki a shekara. Sai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da ita. Mai kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. In mutum ya ji rauni a bakin aiki, ko aikin ya jawo masa cuta, asusun zai ɗauki nauyin magani. In nakasar ta hana shi aiki gaba ɗaya har abada, dokar ta tanadi biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Haka kuma dokar fansho ta 2014 ta ce ba a taɓa kuɗin fansho sai an kai shekara 50, amma wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, yana iya neman nasa kafin lokacin.

Kin lura? A duk waɗannan babu inda aka tambayi awaki nawa ne a gidan, ko nawa uwargida ta kwasa a adashi. Haƙƙi ne da gumi ya saya. Abin da ake dubawa shi ne rajista da takarda da kuma lokaci. Dole a sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. In maigida yana kwance ba ya iya magana, iyalinsa su sanar a madadinsa. Sai ki tura babban ɗanki ko ƙanin mijinki, kada a tsaya sai an sallamo shi.

Amma fa nan gizo ke saƙar. Yawancin masu nema a Sabon Gari ba su da takardar ɗaukar aiki. Ɗan dako, da mai tura baro, da yaron shago, da mai 'yar tireda tasa, ran da bai fita ba, ran nan babu cefane. Waɗanda suka ga gobarar watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar, sun san yadda jarin shekara da shekaru yake zama toka a dare ɗaya. Irin wannan gida, ajiyar uwargida ce takan riƙe shi kafin wani taimako ya iso.

Duk da haka akwai ƙofofin da mai sana'ar kansa zai iya shiga. Hukumar KSCHMA ta jihar Kano tana da tsarin taimakekeniyar lafiya na waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba: a biya kuɗin shekara, a zaɓi asibiti, in ciwo ya zo a tafi da kati. Tun 2019 kuma akwai shirin fansho na masu sana'ar kansu, wanda ake zuba abin da ya sawwaƙa, ana kuma iya cire wani kaso in buƙata ta taso. Ke ma da kike ɗinkin hula ko murza taliya ko suyar ƙuli-ƙuli kina iya shiga da sunanki. In kuwa maigida ma'aikacin tarayya ne, ki sani inshorar lafiyarsa mace ɗaya take ɗauka da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Sauran iyali sai an ƙara musu rajista da ƙarin kuɗi. Gidan da ake da abokiyar zama, a zauna a yi wannan magana tun ana lafiya.

Sai iri na biyu, mai bin halin gida. Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya, kamar na naira 25,000 a wata har wata 3 da aka sanar a 2023, ana ɗauko sunayen ne daga rajistar marasa galihu ta ƙasa. Jama'ar unguwa ne suke nuna gidajen da suka fi buƙata, sannan jami'ai su zo su duba yanayin gidan da abin da aka mallaka. A nan kam wadata tana iya sa a fifita wani a kanki. Sai dai asusun banki ba laifi ba ne, asali ma ta asusu ake turo kuɗin, kuma ana neman lambar katin ɗan ƙasa. Wadda ta guji banki don kada a ga kuɗinta, ita ce za ta rasa inda za a zuba mata. Zakka ma buƙata take bi. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, ga kuma attajiran unguwa. Ciwo kaɗai ba ya sa mutum cikin masu karɓa, sai in ya haɗu da rashi ko bashi. Ki faɗi gaskiyar abin da kike da shi, malamai su yi miki bayani.

Wataƙila kin ji 'yan uwa mazauna Turai suna cewa ajiya tana yanke tallafi. Gaskiya ne, amma a can. A Ingila, wanda ajiyarsa ta wuce fam 6,000 ana rage masa tallafin marasa ƙarfi, in ta wuce fam 16,000 a hana shi, alhali kuɗin nakasa da ake kira PIP ba ya duban ajiya ko aiki. Mu a nan dokar kare masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba albashin wata ta yanka musu ba. Ta hana nuna musu bambanci ne, ta kuma ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Saboda haka uwargida, kada ki fasa zubin adashi, kada ki ajiye sana'arki. Daren yau, bayan maigida ya ci abinci ya huta, ki tambaye shi cikin ladabi: Malam, shin an yi maka rajista a wurin aiki? Ina takardar? Ki nemi jaka guda ki adana katin asibiti, da takardun likita, da rasit, da katin ɗan ƙasa na kowa a gidan. A cikin abin da kike tarawa kuma ki ware na lafiya daban da na biki da kayan ɗakin 'ya'ya, don kada ranar ciwo a kai tunkiya kasuwa a sayar da ita a wulaƙance.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a neman mazajenmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.