Ciyawar da ta daina jin magani da kabejin tukunyarki

Uwargida, idan kika shiga kasuwar Farin Gada a Jos kika sayo kabeji da karas, ko dankalin turawan Bokkos, da wuya ki tuna da ciyawar gonar da suka fito. Amma fa ta shafe ki.

Manoma da yawa sun jingine fartanya sun koma feshi, musamman da glyphosate. Maganin yana toshe wani sinadari da tsiro ke buƙata don ya girma. Sai dai cikin dubban ciyayi akan samu guda mai ɗan sauyi a ƙwayoyin gadonta, maganin ba ya kama ta. 'Yan'uwanta su mutu, ita ta zubar da iri. Bayan 'yan damuna jikokinta sun cika gona. A Ostareliya aka fara tabbatar da haka, a 1996.

Manomin da ya ga ciyawa ta ƙi mutuwa yakan ninka magani, sau da yawa ba safar hannu ba takunkumi. Shi ke fara shaƙa, sauran ya gangara rafin da ake ban-ruwa.

Ki wanke ganye sosai, ki kankare karas. Jarkar maganin kuwa, komai kyanta, kada ki zuba mata ruwan sha ko manja.