Ko Ka Sani? Takobin Kakanka Na Iya Zama Ƙirar Jamus

Da yawa daga cikin tsofaffin takubban da ke rataye a zaurukan sarauta, waɗanda ake zarewa ranar hawan salla, ba a ƙasar Hausa aka ƙera ruwansu ba. Daga Solingen suka fito, wani garin maƙera a Jamus. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, kuma kusan duk waɗanda ya gani na Solingen ne. A wancan zamani fatake ne ke ƙetaro Sahara da su tsirara, ba ƙota ba kube. A Kano maƙera ke sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, sannan Hausawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Nufawa su saya.

Shi ya sa masanin takobi ba ya yanke hukunci da kallo ɗaya. Yakan duba ruwa daban, ƙota daban, kube daban, domin sau tari ruwan ya girmi sauran. Fata tana ruɓewa a sake ta, ƙarfe kuwa yana wucewa daga kaka zuwa jika.

Dubi kwarmin nan da ya bi tsakiyar ruwan, wani lokaci guda ɗaya mai faɗi, wani lokaci siraran layuka 3. Mutane kan ce hanyar jini ce. Ba haka ba ne. An yi shi ne don a rage nauyi ba tare da takobin ya rasa ƙwarinsa sosai ba, yadda hannun mahayi ba zai gaji da wuri ba.

Sai tambari. A ƙarshen kwarmin za ka iya ganin jinjirin wata guda 2 masu fuskar mutum, ko zaki, ko kyarkeci a guje. Asalinsu alamun maƙeran Turai ne. Da masu saye suka riƙa neman mai tambari, sai maƙeranmu ma suka shiga buga irinsu. Don haka tambari kaɗai ba shaida ba ce. Na Turai galibi yakan fito da zurfi, a tsare, kuma ruwan mai kyau idan aka ɗan tanƙwara shi yakan dawo miƙe.

Tsatsa ma iri biyu ce. Ja mai gari-gari tana nan tana cin ƙarfe, dole a tsayar da ita. Baƙin da ya kwanta luf kuwa shaidar shekaru ne, masu tara kayan tarihi suna daraja shi. Babbar ɓarna ita ce a kai takobi injin washi ko a goge shi da samfefa don ya yi ƙyalli: tambarin ya shafe, darajar ta tafi. Ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi sun wadatar, kuma kada a bar shi cikin kube duk damina, saboda fata na riƙe laima.

Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne labarinsa. In akwai irin wannan takobi a gidanku, zauna da dattijon da ya san wanda ya fara rataya shi da inda ya je da shi, ka rubuta, ka ajiye tare da takobin.