Babbar Kotun Jos: Gidan Shari'a Na Kowa Da Kowa

Mutane da yawa a Anguwan Rogo da sauran unguwannin Jos suna jin tsoron ginin Babbar Kotun Jihar Filato, suna zaton wurin manya ne da lauyoyi kaɗai. Ba haka abin yake ba. Da kuɗin jama'a aka gina shi, kuma bisa doka a bainar jama'a ake yin shari'a.

Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan ta Jihar Filato a 1976. A 1968 aka soke kotunan En'e, aka kafa Kotunan Yanki a ƙarƙashin jiha. Waɗannan, tare da Kotunan Majistare, su ke jin yawancin ƙararrakin yau da kullum. Amma manyan laifuffuka, irin su kisan kai, da rigimar filin da ke da takardar mallaka ta Gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978, sai a Babbar Kotu.

A cikin ginin akwai ɗakunan shari'a da ofishin rajista, watau inda ake shigar da ƙara. Duk wanda ya biya kuɗi a can, lalle ya karɓi rasit.

Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da ikon ɗaukaka ƙara. Maganar aure ko gado ta Musulmi takan je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ta gargajiya kuwa tana da tata kotun. Gaba da su akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya mai reshe a Jos, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, za a ba shi tafinta kyauta. Wanda aka kama a gari mai kotu kamar Jos, wajibi ne a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. Marar halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun nuna wa mutanen Jos abin da ɗaukar fansa ke haifarwa. Saboda haka duk wanda aka zalunta ya kai kukansa gaban alƙali, kada ya ɗauki doka a hannunsa.