Agogon Jiki, Barci da Ƙiba: Abin da Hirar Dare Ke Jawo Mana

 

Ƴan'uwa, in ana maganar rage ƙiba, abu biyu muka saba ji: a rage ci, a riƙa motsa jiki. Duka gaskiya ne. Amma akwai na uku da ba mu cika lura da shi ba, wato lokacin da muke kwanciya da lokacin da muke cin abinci. Mutum zai rage tuwo, ya daina sa sukari a koko, a yi wata uku sikeli bai motsa ba, sai ya haƙura ya ce ai gado ne. In ka bincika, sau da yawa sai ka tarar ba ya kwanciya sai ƙarfe ɗayan dare, kuma abincinsa mafi nauyi na bayan Isha'i ne.

Wace ƙiba ake nufi?

A wajenmu in mutum ya yi jiki cewa ake ya samu hutu. Likitoci kuwa da awo suke aiki: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa da mita, a sake rabawa da tsawon. Misali mai kilo 95 da tsawon mita 1.70, nasa zai ba da kusan 33. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce da ake lissafawa cikin cututtuka, don tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita.

Agogon da ke cikin jiki

Allah Ya sanya wa jikinmu agogo mai zagayawa cikin kusan awa 24. Babbansa yana cikin ƙwaƙwalwa, wani ɗan gungu ne na ƙwayoyi kamar dubu ashirin, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. In duhu ya yi, jiki na sakin sinadarin melatonin mai shirya mu barci. In gari ya kusa wayewa, sai sinadarin kotizol ya ƙaru ya tashe mu. A shekarar 2017 masana uku ƴan Amurka, Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young, sun samu kyautar Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Hanta da hanji da kitsen jiki su ma kowanne na da nasa ɗan agogon, su kuma lokacin cin abinci na cikin abin da ke saita su. Shi ya sa jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe fiye da cikin dare. Kwanon shinkafar da ka ci da azahar, in ka ci irinsa da tsakar dare, sukarin jini ya fi hawa, kuma ya fi daɗewa bai sauka ba. Ƙwaƙwalwa ta ce dare ne, ciki kuma an ɗora masa aikin rana.

Me ƙarancin barci ke yi wa ci?

Akwai sinadarai biyu da ke da hannu a wannan: leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, da girelin mai ta da yunwa. A wani gwaji da aka wallafa a 2004 daga Jami'ar Shikago, an sa samari 12 kwanciyar awa huɗu kawai, dare biyu a jere. Da aka kwatanta da lokacin da aka ba su awa goma, leptin ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma kwaɗayinsu ya fi karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci.

Gwajin da ya fi shafar mai neman rage ƙiba shi ne na 2010, a wannan jami'a. Mutum goma masu nauyi fiye da kima aka rage wa abinci na mako biyu, sau biyu: karo ɗaya da kwanciyar awa takwas da rabi, ɗayan da awa biyar da rabi. A sikeli kusan daidai suka rage, wajen kilo uku. Amma da isasshen barci kitsen da ya zube kilo 1.4 ne, da ƙarancin barci kuwa 0.6 kacal, sauran daga tsoka da makamantanta ya fita. Ka ga an sha wuyar yunwa, kitsen kuma yana nan.

A 2022 an sake gwadawa da mutum 80 masu nauyi waɗanda ba sa kai awa shida da rabi a dare. Waɗanda aka koya wa gyara barcinsu sun ƙara awa ɗaya da ƴan mintuna, cinsu kuma ya ragu da kusan kalori 270 a yini, ba tare da an ce musu su rage ba. Wannan ya kai kimanin gwangwani biyu na lemo mai zaƙi.

Lokacin cin ma an duba shi. A Sifen, a 2013, an bi mutum 420 masu neman rage nauyi har mako 20. Masu cin babban abincin rana bayan ƙarfe uku sun rage ƙasa da masu ci kafin nan, alhali yawan abincin kusan ɗaya ne.

Mu yi lissafin namu

Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Mu kuwa lokacin tashinmu a yanke yake, Asuba ba ta jiran kowa. In ƙarfe biyar za mu tashi, to ƙarfe goma ya kamata ta same mu a shimfiɗa. Wanda ya zauna fada ana zagayen shayi har sha biyu da rabi, ya koma gida ya ɗauki salula, awa huɗu zai samu. Ko ya makara sallah, ko ya wuni yana gyangyaɗi yana neman abin taunawa. Ga shayin da sukari jingim, ga kafen da ke cikinsa da cikin goro, wanda bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini.

Abin da sunna ta koyar ya zo daidai da wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta. Malamai sun keɓe abin da ke da amfani, kamar karatu da karɓar baƙo da zama da iyali. Ɗalibanmu na madarasa ma su sani, barci na taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da aka haddace.

To me za mu yi?

Mu tsayar da lokacin kwanciya guda, har ranakun hutu. Wanda ya saba da ƙarfe ɗaya, ya riƙa jawowa da minti ashirin duk bayan ƴan kwanaki, don agogon ba ya juyawa dare ɗaya.

Mu mai da abinci mai nauyi safe da rana. Na dare ya zama kaɗan, tsakanin Magariba da Isha'i, a bar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Wannan sai da haɗin kan uwargida da maigida, don tukunyar dare ce babba a yawancin gidajenmu.

Shayi mai ƙarfi da goro da kofi, a tsaya da su tun La'asar. Salula a ajiye ta awa ɗaya kafin barci, a rage hasken ɗaki.

Mu nemi hasken safiya, shi ke saita agogon. Tattakin minti ashirin bayan fitowar rana, jifa ɗaya ne tsuntsu biyu.

Ƙailula tana da kyau in ta tsaya minti ashirin zuwa talatin kafin La'asar. In ta yi tsawo ko ta yi yamma, barcin dare take cinyewa.

A watan azumi kuma, a yi buɗa-baki da sauƙi, a kwanta bayan Tarawihi, kada a mai da dare wajen ciye-ciye har sahur.

Masu aikin dare da masu minshari

Mun san akwai masu gadi, direbobi, ma'aikatan jinya da masu gasa burodi, waɗanda abincinsu a dare yake. Su ci babban abincinsu kafin fita aiki, su taƙaita ci a tsakar dare, su samu ɗaki mai duhu da rana, iyali kuma su tausaya musu da shiru.

Sai wani abu da ba wasa ba. Mai ƙiba da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci sai ya farka a firgice, ya tashi da ciwon kai, ya wuni barci na fizgarsa ko a kan babur, to ya ga likita. Maƙogwaro ne ke toshewa, ciwon yana ƙara hawan jini, kuma yana da magani. Haka mai shan maganin sukari ko yin allurar insulin, kada ya sauya lokacin cinsa sai da shawarar likitansa, gudun faɗuwar sukari.

Barci shi kaɗai ba zai narkar da kitse ba, rage maiƙo da zaƙi da motsa jiki suna nan daram. Sai dai yana sauƙaƙa su, kuma ba ya cin ko sisi. Mu gwada na mako biyu: bayan Isha'i a yi sallama da fada, a ga yadda yunwa da ƙarfin jiki za su kasance.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace.