Kama da Wane Ba Ta Wane

Mu da muka tashi a Fulatan, cikin ƙasar Rogo, suna guda kaɗai muka sani ga wannan ƙwaro, watau malam-buɗe-littafi. Fari ne ko ja, babba ne ko ƙarami, sunan ke nan. Amma masana sun ƙidaya iri fiye da 1,000 a Nijeriya kaɗai, kowane da sunansa. To, ƙaƙa a ke rarrabe su? Bari mu ɗauki wanda ya fi duka girma a Afirka, mu ga yadda aka yi da shi.

Sunansa Papilio antimachus. Ba ya zama a ƙasa irin tamu, sai cikin kurmi mai duhu, tun daga Saliyo har Kwango da Uganda. A Nijeriya a kan same shi a kurmin kudu, wajen Kuros Riba. In namijin ya buɗe fukafukansa, faɗinsu ya kan kai inci 7 zuwa 9. Launinsa ja-ja ne da zanen baƙi, fukafukan gaba kuwa dogaye ne sirara. Namijin ya kan sauko bakin rafi ya tsotsi danshi, nan a ke ganinsa. Macen ta fi shi ƙanƙanta, ta kan zauna can ƙwanƙolin itatuwa, shi ya sa aka daɗe ƙwarai ba a same ta ba.

A 1782 wani maƙerin azurfa na Landan, Dru Drury, ya bayyana kamanninsa cikin littafi, ya raɗa masa suna, daga wani guda da aka kai Ingila daga Saliyo. Ya bi ƙa'idar da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa wa dabbobi a 1758, cewa kowace halitta a ba ta suna biyu: na fari na zuriya, na biyu na kanta. Kamar dai a ce Bafillace wane.

Abin da ke da wuya shi ne sanin zuriyar. Wanda ya dubi launinsa kaɗai sai ya ce ɗan'uwan wasu jajaye ne da a ke kira Acraea, don kamar ta yi yawa. Amma masani ba ya tsayawa ga riga. Ya kan ƙidaya ƙafafu. Acraea da danginsa da ƙafa 4 su ke tafiya, biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji. Shi kuwa antimachus ƙafafunsa 6 duk cikakku ne. Sa'an nan a duba jijiyoyin fiffike, yadda suka rarrabu. Da wannan aka tabbata Papilio ne. Ashe ɗan'uwansa na kusa yana nan gidajenmu: baƙin nan mai ɗigon rawaya, Papilio demodocus, wanda tsutsarsa ke cinye mana ganyen lemo.

Kada mu ce wannan ilmi sai mai zuwa kurmi. Ko a bayan garinmu akwai irin wannan tarko. Ku dubi jan nan mai baƙin gefe da ke yawo wajen tumfafiya, Danaus chrysippus. Tsutsarsa ganyen tumfafiya ta ke ci, dafin ya zauna jikinta, saboda haka tsuntsun da ya taɓa cinsa ba ya ƙarawa. Akwai kuma wani, Hypolimnas misippus, namijin baƙi ne da manyan fararen tabo, amma macen ta ari rigar na tumfafiya, tsuntsaye suna gudunta a banza. In kun sami guda, ku dubi tsakiyar fiffiken baya. Na tumfafiya yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe 3 ko 4, ita kuwa mai aron ba ta da su haka. Henry Bates ne ya bayyana asirin irin wannan aron kama a 1862, bayan ya yi shekara 11 a kurmin Amazon.

Me ya kai mu ga wannan wahala? Dalili shi ne kurmi yana ƙarewa, a kudu da nan bakin rafukanmu duka. Kowane iri kuwa da ganyen da tsutsarsa ke ci. In an sare itacen, shi ma ya tafi. Abin da ba a san sunansa ba, ba mai lura ran da ya ɓace.

Saboda haka, 'yan'uwa, in hutun damina ya zo, kowa ya tafi da ɗan littafi. Abin da ka gani, rubuta rana, da wuri, da ganyen da ya sauka a kai, ka ƙidaya ƙafafu, ka zana fiffike. Kada ka yi gaggawar raɗa suna. In mun komo sai mu gwada na Rogo da na Karaye, mu ga abin da Allah ya ajiye mana a ƙofar gida.