Gyaren Bishiya da Shekarunsa a Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama a gindin darbejiya a unguwar Madaki da tsakar ranar bazara, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ya san ƙarar nan mai tsini da ke saukowa daga rassa ba ƙaƙƙautawa. Mai ita shi ne gyaren bishiya, wanda masana ke kira sikada. Danginsa daban ne da na gyaren da yara ke tonowa a rami da damina. Wancan fukafukansa yake gogawa, wannan kuwa wani tantani yake kaɗawa a gefe biyu na cikinsa, kuma namiji kaɗai ke yi, yana kiran mace. An auna ƙarar wani jinsinsa na Afirka mai suna Brevisana brevis, ta kai desibel 106.7 daga nisan rabin mita.

Ni dai ɗan ya fi uban ba ni sha'awa, domin mai kukan nan 'yan makonni kawai yake yi a sarari. Yawancin rayuwarsa a cikin duhu ya yi ta.

Uwar kan tsaga siririn reshe ta zuba ƙwai a ciki. Bayan wasu makonni sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe, farare fat, ba su fi ƙaramar tururuwa ba, su saki jiki su faɗo ƙasa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in ji Bahaushe, to shi wannan faɗuwar ita ce mafarin rayuwarsa. Nan take zai shiga tono.

Ƙafafunsa shida ne, amma biyun gaba su ne abin kallo. Cinyar kauri gare ta ainun, da manyan ƙayoyi da jerin ƙananan haƙora a gefenta. Ƙwaurin kuma lanƙwasasshe ne mai kaifi, yana naɗowa ya haɗu da cinyar, sai su zama kamar 'yar fartanya: ya kafta, ya yayibo ƙasar, ya danna ta a jikin bangon ramin. 'Yan faratansa na gaba yakan naɗe su baya yayin tono don kada su karye, sai ranar hawan bishiya zai miƙe su. Idanunsa a wannan lokaci ba su da wani amfani, ƙananan gashin jikinsa da ƙahonnin ji na goshinsa su ke yi masa jagora har ya tarar da saiwa.

Bakinsa ba na tauna ba ne. Dogo ne siriri mai rami a ciki, a kwance yake tsakanin ƙafafu, da shi yake huda saiwa ya tsotsi ruwan da bishiya ke ɗauka daga ƙasa zuwa ganye. Wannan ruwa kusan babu abinci a cikinsa, shi ya sa goshinsa ya kumbura da tsokar zuƙa, kuma akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinsa suna samar masa da sinadaran da ruwan ya rasa. Rarar ruwan da yake fitarwa ma ba ta tafiya a banza, da ita yake jiƙa busasshiyar ƙasa ya yaɓe bangon raminsa kada ya rufta.

Ƙarancin abincin nan shi ke jawo jinkirin girmansa. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Yawancin jinsunansa, waɗanda suka haura 3,000 a duniya, sukan yi shekara 2 zuwa 5 a ƙasa, suna yin saɓa in fata ta matse su. A gabashin Amurka akwai masu yin shekara 13, akwai masu 17. A 2024 wasu manyan rukunai biyu daga cikinsu suka fito tare a jihar Illinois, abin da rabon a gani tun 1803.

In lokaci ya yi, tohon fukafukai ya bayyana a kafaɗunsa, ido ya nuna, sai ya fito da dare ya hau kututture. Bayansa ya tsage, sabon ƙwaro ya zaro jiki, ya bar ɓawon maƙale da ƙafafunsa da komai. Likitocin gargajiya na ƙasar Sin har yau suna haɗa magani da wannan ɓawo.

Tatsuniyar Turawa, wadda La Fontaine ya rubuta a 1668, ta mai da gyaren bishiya malalaci mai waƙa da ya koma bara gun tururuwa. Ƙazafi ne. Masanin ƙwari na Faransa, Jean-Henri Fabre, ya lura cewa tururuwa ce ke zuwa shan ruwa a hudar da gyaren ya yi a reshe. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya cinye gona irin ta fara, ramukansa kuma suna buɗe wa ruwan sama hanyar shiga ƙasa, abin da garin da zaizayar ƙasa ta addaba irin Gombe ke bukata.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke malale tsakar gida da siminti har jikin kututture, ko mu sare tsohuwar bishiya don a ƙara shago. Duk 'ya'yan da ke kan saiwarta sun halaka ke nan, da shekarun da suka yi suna jira. Shirin dashen bishiyoyi na 3G da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 abu ne mai kyau, amma dashen bana ba zai maye gurbin darbejiya mai shekara 30 ba. Jama'ar Madaki, in za ku yi daɓe, ku bar ko da taku biyu na ƙasa kewaye da gindin bishiyarku, kuma ku nuna wa yaranku ɓawon nan su san mai shi.