Kalma Mai Zafi Da Kalma Mai Sanyi A Kasuwar Jega

Ga wata mas'ala wadda ta shafi mai allo da mai awo duka biyu. Shin kalma mai zafi, watau zagi ko batsa ko rantsuwa, ta fi kalma mai sanyi kama kunnen mutane? In kuwa ta fi, mai faɗinta riba ya ci ko hasara?

Ba inda ya fi dacewa a auna wannan zance kamar Jega. Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa garin bayan rasuwar ubansa a 1818, kuma tun cikin ƙarni na 19 kasuwarsa ta yi suna a hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Har yau takan cika maƙil ranar da take ci: masu albasa daga Aliero, masu hatsi daga Maiyama, mahauta, dillalan dabbobi, kowa yana kiran hajarsa. Mutum yakan ratsa wannan hayaniya tun daga bakinta har ƙarshenta bai riƙe ko kalma guda ba. Amma da zarar wani ya ɗura wa wani ashar a can gefe, sai wuyoyi su juya gaba ɗaya, mai ƙirga kuɗi ya ɓata lissafi, mai awo ya mance ko mudu nawa ya zuba. Masu tallan magani da lasifika sun daɗe da gane wannan. Shi ya sa waɗansunsu sukan kira al'aura da sunanta ɓaro-ɓaro, har dattijo da ɗansa su rasa inda za su sa fuska, alhali kuwa taro yana ta ƙaruwa.

Maroƙa ma sun san sirrin tun kaka da kakanni. Wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya buga bayani a kan roƙo a 1957. Ya nuna yadda maroƙi yake farawa da yabo, in an hana shi ya juya zuwa habaici. Yabo, masu wucewa sukan ji su wuce. Habaici kuwa yakan tsayar da su, sai mai gida ya yi maza ya ba da abin da zai rufe bakin.

Ƙarfin irin wannan kalma daga ɓoyonta yake fitowa. Bisa al'ada Bahaushiya ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba a cika cewa babba ya mutu ba, sai a ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Yaro yakan tashi yana ganin yadda ake kewaye waɗansu kalmomi kamar yadda ake kewaye rijiya da dare, in ya furta su a kwaɓe masa baki. To, ranar da ya ji an fito da ɗayarsu a fili, tilas gabansa ya faɗi.

Masanan halin ɗan Adam sun gwada wannan al'amari da awo. A 1959 Neville Moray, a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ya sa wa mutane magana biyu dabam, kowane kunne da tasa, ya ce su bi guda su ƙyale guda. Kalmomin da aka yi ta maimaitawa a kunnen da aka ƙyale ba su zauna musu ba. Amma da aka saka sunan mutum a ciki, wajen kashi ɗaya cikin uku na lokutan ya ji shi. Watau kunne yana da mai gadi wanda ba ya barci, yana tace abin da zai shigar wa zuciya.

Kafin wannan, a 1949, Elliott McGinnies a Amurka ya riƙa haska wa ɗalibai kalmomi cikin ƙiftawar ido, yana auna gumin tafin hannunsu da na'ura. Ya tarar kalmomin kunya sukan motsa jiki tun baki bai faɗe su ba. Shi ya ɗauka ido ne yake ƙin gani. Waɗansu masana suka ce a'a, ɗaliban sun gani sarai, nauyin furtawa ne ya hana su. Wanda ya san kunyar Bahaushe ba zai yi mamakin wannan jawabi ba.

Sa'an nan a 2004 Donald MacKay da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles suka bi wata dabara wadda John Ridley Stroop ya shahara da ita tun 1935. Akan rubuta kalmomi da tawada launi-launi, a ce wa mutum ya faɗi launin kaɗai, kada ya kula da ma'ana. Suka ga in kalmar ta batsa ce harshe yakan yi jinkiri kafin ya faɗi launin, kuma bayan an gama, irin waɗannan kalmomi su ne aka fi tunawa. Ke nan amsar tambaya ta farko ta fito: lalle kalma mai zafi ta fi kama hankali, ko mai ji ya so ko ya ƙi.

Amma binciken nan ya nuna waɗansu abubuwa biyu da ya kamata mai haja ya riƙe. Na ɗaya, in aka jero kalmomi da sauri aka cusa mai zafi a tsakiya, mutane sukan mance wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Hankali kamar mudu yake, abin da zai ɗauka ƙayyadadde ne. In kalma guda ta cika shi, maƙwabtanta sai su zube ƙasa. Na biyu, in aka yi ta maimaita kalmar, kaifinta yakan ragu. Gwano ba ya jin warin jikinsa, haka kunnen da ya saba da ashar.

An auna wannan a sha'anin ciniki ma. A 2015 Robert Lull da Brad Bushman suka tattara gwaje-gwaje 53 da aka yi a kan mutum 8,489 game da talla. Suka tarar gwargwadon yadda batsa ta yi yawa a cikin talla, gwargwadon yadda tuna sunan kayan da niyyar sayensa suke raguwa. Saboda haka mai lasifika yana iya tara mutum ɗari, su watse suna maimaita abin da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya riƙe sunan maganin. Mai mutunci kuma, wanda kuɗin yake aljihunsa, ba zai so a gan shi tsaye a wurin ba.

Rantsuwa ma haka take. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da yake gargaɗin cewa tana tafiyar da haja amma tana tafiya da albarka. Falke mai rantsuwa a kan kowane buhun albasa, ranar da ya yi ta gaskiya ba mai waiwayowa, domin ya riga ya kashe ta a kan sisi da kwabo.

Su kuwa malamai suna da hanyarsu tun da daɗewa. A 2003 Catherine Harris da abokanta a Boston suka auna Turkawa masu jin Turanci, suka ga zagi da tsawar iyaye sun fi motsa jikinsu in an yi su da harshen da suka sha a nono. Wannan shi ne abin da ake gani a zaure. Malami yakan karanta babin tsarki cikin Ahalari ko Risala da Larabci ba wanda ya motsa, amma in ya fassara da Hausar kan titi sai almajirai su sunkuyar da kai, waɗansu su yi ta gumtse dariya, hukuncin da aka zo dominsa ya wuce su. Don haka Hausar karatu ta riƙe janaba da haila da bawali da al'aura yadda suka zo: ma'ana ta isa, zafi bai biyo ta ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa aibobin harshe ashirin cikin Ihya'u, ya sa alfasha a cikinsu, ya bayyana ta da fito da abin kunya da lafazi tsirara inda kinaya za ta wadatar. Inda ba za ta wadatar ba, kamar gaban alƙali ko gaban likita, sai a faɗi abu da sunansa.

Duk wanda ya taɓa rubuta Alƙur'ani da hannu ya san baƙar tawada ita ce jikin rubutu, ja na wasula ne. Ido yana zuwa kan ja domin kaɗan ne. Da za a rubuta shafi duka da shi, da ba abin da zai fito. Mai wa'azi da ya ambaci kabari sau ɗaya a muhallinsa yakan girgiza zukata, wanda kuwa ya cika majalisi da la'ana da kiran sunayen mutane, a tashi ana hirar wanda aka zaga, ayar da ya karanta ba mai tuna ta. Kuma magana zarar bunu ce: taron da kalma ta tara yakan watse kafin magariba, amma wanda ta taɓa yana riƙe da ita shekaru.

Allah ya tsare harsuna, ya sa albarka ga karatu da ciniki. Tamat.